Santsi da Taɓo: Babin da Muke Tsallakewa a Tarihin Malam Aminu

Duk shekara idan watan Afrilu ya kama, akan taru a gidan Mambayya da ke unguwar Gwammaja a Kano don tunawa da Malam Aminu Kano, wanda Allah ya yi wa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983. A daidai wannan lokaci ne maƙaloli da waƙoƙi da rubuce-rubucen Facebook kan yi ambaliya a kansa. Mun daɗe muna bibiyar irin waɗannan rubuce-rubuce, kuma kusan duk zubinsu ɗaya ne: haihuwarsa a 1920, koyarwarsa a Bauci tare da abotarsa da Sa'adu Zungur, jagorancin NEPU, wahalar da 'yan Sawaba suka sha a hannun 'yan doka da alƙalan En'e, sai sauƙin rayuwarsa da yadda ya bar duniya bai tara abin duniya ba. Babu ƙarya a ciki. Inda muke da ƙorafi shi ne, da marubuci ya iso 1979 sai ya yi tsalle ya dira a ranar jana'iza, kamar mai tsallake kwata.

Abin da ake tsallakewa ba ƙarami ba ne. A zaɓen 1979 jam'iyyar PRP ta ci jihohi biyu: Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna. Da hawansu suka soke haraji da jangali, abin da NEPU ta yi shekaru tana fafutuka a kai. Ba a jima ba gwamnonin biyu suka fara zama da takwarorinsu biyar na UPN da biyu na GNPP, a wani taro na gwamnoni tara masu adawa da gwamnatin NPN ta Shehu Shagari. Uwar jam'iyya, ƙarƙashin Malam da sakatarenta S. G. Ikoku, ta ce su daina. Suka ƙi, aka kore su a 1980. Daga nan PRP ta dare gida biyu: 'yan Santsi na gwamnoni, waɗanda suka ɗora tsohon ɗan ƙwadago Michael Imoudu a matsayin shugaba, da 'yan Taɓo da suka tsaya tare da Malam.

Zargin da 'yan Santsi suka yi mai nauyi ne. Sun ce Malam ya sassauta wa NPN, jam'iyyar da suke kallo a matsayin magajiyar NPC, kuma ya bar na kusa da shi suna kai gwauro suna kai mari tsakaninsa da gwamnatin tarayya. Masu wannan magana ba baƙi ba ne. Akwai dattawan da aka ɗaure saboda NEPU, akwai matasan jami'a da suka shiga siyasa saboda sunansa. Lokacin da majalisar Kaduna mai rinjayen NPN ta tsige Balarabe Musa a watan Yunin 1981, da lokacin da aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa, a tarzomar Kano ta 10 ga Yuli na wannan shekara, jam'iyyar a rabe take, kowane ɓangare na ganin baƙin ɗan'uwansa.

A ganinmu, a nan ne adabi yake da aiki. Ku ɗauki tela ko ɗan koli a kasuwar Kurmi wanda ya sha bulala a zamanin En'e don ya ƙi zagin Malam, yau ga shi yana zaune a shagonsa yana jin gwamnan da ya yafe masa haraji an kore shi daga jam'iyya da yardar Malam ɗin. Wa zai bi? Idan ya bi Rimi, ya juya wa ubansa na siyasa baya. Idan ya bi Malam, ya ga kamar ya saki aƙidar da Malam ya koya masa. Irin wannan tsaka mai wuya ita ce abincin ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo. Amma da wuya ka ci karo da wannan tela a rubutunmu. Abin da ya fi yawa shi ne kirari, kuma kirari ba ya ɗaukar mutum mai shakka.

Dalilin wannan shiru ba ɓoyayye ba ne. Al'adarmu ta hana a bi mamaci da sharri, balle malami kuma dattijo. Sannan kowane ɗan siyasar Kano na yau, ko mai jar hula ne ko mai wata kala, yana son a ce shi ne magajin Malam, don haka Malam mara aibi ya fi yi musu amfani. Har marubutan da ba Hausawa ba sun bi wannan hanya: Chinua Achebe, wanda ya shiga PRP, ya kafa misali da shi a matsayin shugaban kirki a littafinsa na 1983 kan matsalar Nijeriya. Yabon ya cancanta, sai dai ya bar mai karatu ba tare da sanin cewa masoya na haƙiƙa sun taɓa yin fushi da mutumin ba.

Ba muna kira ne a juya kirarin ya koma zambo ba. Marubucin da zai yi adalci dole ya saurari hujjar 'yan Taɓo: cewa taron gwamnonin zai mayar da PRP 'yar amshin shatan Awolowo, kuma jam'iyyar da gwamnoninta suka fi ƙarfinta ta mutu. Dole kuma ya tuna cewa sulhu da abokan hamayya ba sabon abu ba ne a tafiyar Malam. NEPU ta yi ƙawance da NCNC, wadda ta kafa gwamnatin tarayya da NPC. Malam ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatin Gowon daga 1967, kuma ya zauna a ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama NPN kafin ya fice a 1978. Su ma masu zargin ba su tsira ba. Rimi ya tsaya takarar 1983 a NPP, jam'iyyar da ta yi yarjejeniyar mulki da NPN a 1979, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. Daga baya ya zama minista a gwamnatin Abacha. Ikoku kuwa ƙarewa ya yi a NPN ɗin kanta. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kuma a wannan rikici kowa ya taka nasa.

Abin da muke asara da wannan tsallake ya wuce adabi. Tun daga lokacin, sau nawa talakan Arewa ya ɗora dukkan burinsa a kan mutum ɗaya, ya kira shi mai gaskiya, sannan ya wayi gari ya gan shi a inuwa ɗaya da waɗanda jiya ake zagi tare? Duk lokacin da haka ta faru, sai mu rasa yadda za mu yi magana: ko dai mu kare shugaban ido rufe, ko mu tsine masa gaba ɗaya. Ba mu da harshen da za a ce wa jagora, muna ƙaunarka amma a nan ka kuskure, domin ba mu rubuta labarin mutanen da suka taɓa faɗa wa Malam Aminu haka ba.

Har yanzu akwai sauran 'yan Santsi da 'yan Taɓo da rai a Kano da Zariya da Kaduna da Funtuwa, amma kullum raguwa suke. Marubucin da ke neman labari ya je ya zauna da su tun suna iya ba da shi da bakinsu.