Ƙafar Marubuci: Tsokaci Kan Tafiyar Ƙasa A Ƙagaggun Labaranmu

Sanin kowa ne cewa da tafiya aka haifi ƙagaggen labarin Hausa. Littattafan da suka fito daga gasar da Dokta Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, akasarinsu labarin mutum ne da ya bar gida ya shiga uwa duniya. Haka Ruwan Bagaja yake, haka Ganɗoki, haka kuma Shaihu Umar. Abin da ya sa muka ɗauko wannan tsohon zance shi ne, a 'yan watannin nan reshenmu na nan Dutse ya ɗora mana nauyin duba wasu rubuce-rubuce da 'yan'uwa suka kawo kafin a kai su ɗab'i. Mun karanta su tsaf, mun kuma tarar har yanzu taurarinmu na tafiya, sai dai ƙafarsu ta daina taɓa ƙasa. A shafi na goma tauraro yana Kano, a na sha ɗaya ya sauka Abuja, a na sha biyu yana Dubai, ba ƙura a takalminsa, ba ƙishirwa a maƙogwaronsa.

Ba mu ce mota ko jirgi laifi ba ne. Zamani riga ne. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da marubucin ya ga dama ya sauko da tauraronsa daga mota, ya ce bari ya ɗan taka shi a daji ko a ƙauye. A nan ne asiri ke tonuwa.

Alal misali, a ɗaya daga cikin labaran, saurayi ya kai budurwarsa ƙauyensu a wajejen Kiyawa cikin watan Agusta, tsakiyar damina. Suka fita yawo bayan gari, rana ta yi zafi, sai suka fake a inuwar wani ƙaton gawo mai lif-lif da ganye. To, jama'a, yaron da ke kiwon awaki ya san gawo ba ya da ganye da damina. Shi ne itacen da ke yi wa sauran itatuwa kishiya: ya kakkaɓe ganyensa in ruwa ya sauka, ya yi kore shar da rani. Dalili ke nan da manomi ke barinsa a tsakiyar gona, don ba ya tare wa gero rana, kuma ƙasar gindinsa ta fi ko'ina albarka. Da marubucin ya san wannan, da ya sami abin da ya fi inuwa, domin ga kamance nan a kwance ga duk mai labarin soyayya: itacen da ke bushewa lokacin da kowa ke cikin ni'ima. Amma bai gani ba, saboda bai je ba.

A wani labarin kuma amarya da ango ne suka tafi Yankari, inda marubuciyar ta ce sun tsoma ƙafa a ruwan Wikki, sanyinsa ya ratsa su kamar ƙanƙara. Ruwan Wikki kuwa ɗumi gare shi, dare da rana, rani da damina, ɗumin nan ne ma ya yi masa suna. Sauran siffantawar, wato korayen tsaunuka da furanni masu rausaya da ruwa mai zubowa daga bisa, duk mun san inda aka samo su. Finafinan Indiya ne, ba wani wuri ba.

Wani zai ce ai waɗannan ƙananan kurakurai ne, mai karatu labari yake bi, ba darasin sanin itatuwa ya zo ɗauka ba. Mu dai ba mu yarda ba, kuma hujjarmu tana cikin Shaihu Umar. In mai karatu ya koma ya sake duba littafin nan na Abubakar Tafawa Ɓalewa, zai ga ba wani dogon bayanin daji ko sahara a ciki. Ɗan ƙaramin littafi ne, mai rowar kalmomi. Amma nisa yana da tsada a cikinsa. Da aka raba Umar da uwarsa, ba ta ɗaga waya ta kira ba. Ta bi sawunsa har Kano, daga nan ta bi ayari ta keta hamada, aka yaudare ta aka sayar da ita baiwa, kuma lokacin da ɗan ya same ta a Tarabulus tafiya da wahala sun riga sun cinye ta. A kan hanyar dawowa guguwar rairayi ta binne ayarin da yake ciki. Cire hanyar daga wannan labari, ka ga abin da zai rage. Jigon littafin, wato rabuwa da bauta da haƙuri, a kan doron tafiyar yake zaune. Ko da yake a Ruwan Bagaja garuruwan da Alhaji Imam ke ratsawa sunaye ne kawai, fagen da zai yi wa Malam Zurƙe wayo, wannan salon barkwanci ne, kuma Abubakar Imam bai yi mana alkawarin komai ba ban da dariya da hikima. Da ya tashi rubuta tafiya ta haƙiƙa, bayan zuwansa Ingila cikin 1943, sai ya fito da Tafiya Mabuɗin Ilmi, ya faɗi abin da idonsa ya gani. Malam Aminu Kano ma ya bi wannan turba da Motsi Ya Fi Zama a 1955.

Yanzu bari mu dawo gida. Tun ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birni, ofisoshi da gidajen gwamnati suka mamaye filin da ke gindin duwatsu, daga baya jami'ar tarayya ta zo a 2011. Marubutanmu sun rubuta sakatariya, sun rubuta gidan kwamishina, amma a duk abin da muka duba ba wanda ya hau Garu, tsohon garin da ke cikin duwatsu inda fadar Sarki take. Mu da muke koyarwa mun sha kai ɗalibai can, mun kuma koyi cewa da bazara sai da sanyin safiya ake hawa, don in rana ta take, dutsen ba ya taɓuwa ko da tafin hannu. Daga bisa kana hango kan dabino jere a kwari. Nawa ne cikinmu suka san dabino akwai namiji akwai mace, kuma sai mai gona ya hau ya ɗebo furen namijin ya saƙala a cikin na macen kafin ya yi 'ya'yan kirki? Ga sunan jihar kanta, daga jigayin rairayi aka samo shi, irin waɗanda ke wajejen Jahun, inda taku goma ke gajiyar da mutum kamar taku talatin a kan fako. Ga zanen shanu marasa tozo a jikin duwatsun Birnin Kudu, da duwatsun da in an ƙwanƙwasa suke amsawa kamar kuge, waɗanda Bature Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu tun shekarun 1950. Tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba daga nan. Can arewa maso gabas kuma ga dausayin Baturiya a ƙasar Haɗejiya, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai da hunturu, wanda gwamnatin tarayya ta sa cikin sababbin gandayen daji na ƙasa a 2020.

Kada a fahimce mu a baibai. Ba cewa muke yi marubucin Hausa ya goya jaka ya riƙe sanda ya shiga yawon shan iska irin na Turawa, sa'annan ya dawo ya cika mana shafi da yabon kyan tsauni ba. Wannan ma aro ne. Bahaushe ba ya taka ƙasa a banza. Ko dai fatauci ya fitar da shi, ko cin rani, ko neman karatu, ko kiwo, ko kai amarya, ko zuwa cin kasuwar Shuwarin da jakinsa. Kakanninmu har Makka suka je a ƙasa, wasu suka shekara da shekaru a Sudan suna neman guzuri. Wannan tafiya mai dalili ita ce ta bar mana kalmomin da ke shirin ɓacewa daga rubutunmu: zango da madugu da ayari, burtali da mashaya, fadama da tudu da ƙorama. A cikin labaran da muka duba kalma ɗaya ce ta haɗiye su duka, wato daji. Itace kuma sunansa bishiya, ko kuka ce, ko ɗorawa, ko aduwa, ko kanya.

Akwai uzuri guda da ba za mu ƙi ji ba. Da yawa daga marubutanmu mata ne, wasunsu matan aure, kuma ba a ce wa matar aure ta tashi ta hau dutse don za ta rubuta babi na bakwai. Gaskiya ne. Amma tana zuwa biki ƙauye, tana zuwa gaisuwa, kuma 'yar Fulanin da ke kawo mata fura da nono ta taho ne a ƙafa tun da sassafe, ta san inda hanya ke yankewa in ƙorama ta kawo, ta san watan da ƙarangiya ke kama zane. A zaunar da ita a tambaye ta. Abin mamaki ma, cikin duk rubuce-rubucen, shafi ɗaya tak da muka ji ƙasa a ƙarƙashin ƙafarmu na wata 'yar'uwa ne, inda ta rubuta yadda wata yarinya ta yi yaji ta nufi gidansu da tsakar rana, silifas ɗinta ya tsinke, ta riƙa gudu daga wannan inuwa zuwa waccan saboda zafin rairayi. Ba ta ce yarinyar na cikin baƙin ciki ba, ba ta kuma bukaci faɗa ba.

Shi kuwa mai labarin gawo, da muka mayar masa da rubutunsa muka nuna masa wurin, sai ya ce ai masu karatunsa 'yan birni ne, ba wanda zai lura. Muka tambaye shi ko ya taɓa tsayawa gindin gawo da damina. Ya yi shiru, can ya ce akwai guda uku a gonar mahaifinsa.