Allon kwamfuta bai taɓa yanka ƙarfe ba

Wata ɗabi'a ta kankama a wuraren da ake sassaƙa ƙarfe da katako da injinan da kwamfuta ke sarrafawa, waɗanda ake kira CNC. Da zarar aiki ya lalace ko wuƙa ta karye, sai kowa ya koma gaban allo. A sake duba zane, a sauya salon yanka a Mastercam ko Fusion 360, a sabunta manhaja, in abin ya faskara a tambayi ƙirƙirarriyar basira. Kamfanoni ma nan suka zuba jarinsu: Sandvik na ƙasar Suwidin, wanda ya yi suna da ƙera wuƙaƙen yanka ƙarfe, ya sayi kamfanin da ke yin manhajar Vericut a 2020, ya ƙara da masu Mastercam a 2021. Ba ni da ja da amfanin waɗannan manhajoji. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake yaye matasa masu iya zane tsaf amma ba sa iya karanta layi goma na umarnin da injin ke bi, alhali a ganina mafi yawan ɓarnar da ake yi tana faruwa ne a tsakanin allo da inji, wurin da manhajar zane ba ta gani.

Injin ba ya karanta zane. Manhaja tana lissafa hanyar da wuƙa za ta bi, sannan wata ƙaramar manhaja da ke zaman tafinta ta juya wannan hanya zuwa lambobin G da M, su kuma ƙwaƙwalwar injin ke karantawa layi bayan layi. Wannan tsari tsoho ne. Tun a 1952 aka nuna injin farko mai bin lambobi a jami'ar MIT ta Amurka, bayan ƙoƙarin John Parsons na ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu da lissafi, kuma daga baya aka tsayar da harshen a ƙa'idar ISO 6983. Sai dai ƙa'ida ɗaya ba ta hana kowane kamfani yin karin harshensa ba. Fanuc da Haas sun yi kusa amma ba ɗaya suke ba, Siemens yana da nasa, Heidenhain ma yana da wani salon rubutu na daban ɗungurungum. Hoton nan mai motsi da ake kallo a allo, inda wuƙa ke zagaya ƙarfe lafiya lau, galibi yana nuna lissafin manhaja ne kafin tafinta ya sa baki. In tafinta ya yi kuskure, ko an ba shi injin da ba nasa ba, allo zai ci gaba da nuna aiki mai kyau yayin da ƙarfe ke lalacewa.

A duba irin kurakuran da idon basira. G20 na nufin inci, G21 milimita, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka lamba guda a kan shafi na iya sa tafiyar da aka nufa ta ninka fiye da sau 25. A injinan Fanuc da yawa, in aka rubuta X10 babu ɗigo, injin zai ɗauka kashi 10 cikin 1000 na milimita ake nufi, ba milimita 10 ba. In aka kira wuƙa ta huɗu da T4 amma layin G43 ya ɗauko tsawon ta uku da H3, injin zai nutsa da tsawon da ba na wuƙar da ke bakinsa ba. In an auna sifirin aiki an ajiye a G54 amma shirin ya kira G55, yankan zai sauka a wani gefe, wataƙila a kan abin da ya riƙe ƙarfen. Mafi tsoratarwa a cikinsu shi ne umarnin komawa gida. G91 G28 Z0 yana ɗaga wuƙa kai tsaye zuwa sama. Amma in aka bar injin a G90 aka ba shi G28 Z0, zai fara biyawa ta sifirin aiki da gudu, wanda sau da yawa shi ne saman ƙarfen, kafin ya hau. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da sabunta manhaja zai gyara, kuma duk wanda ya iya karanta kan shirin zai kama su cikin ɗan lokaci.

Bayan lambobi akwai ƙarfen kansa. A allo wuƙa ba ta lanƙwasa, ba ta dakushewa, ba ta zafi. A zahiri, in aka ninka tsawon da wuƙa ta leƙo daga mariƙinta, lanƙwasarta a ƙarƙashin nauyi ɗaya tana ninkuwa sau takwas, kuma daga nan ne karkarwa ke zuwa, mai barin zane-zane a jikin aiki da wani kuka mai tsinin da duk ma'aikaci ya sani. Lissafin saurin turawa kuwa ba ya buƙatar kwamfuta: wuƙa mai haƙori 4, tana juyi 3000 a minti, kowane haƙori na cin milimita 0.05, tafiyarta milimita 600 ce a minti. Wanda ya riƙe wannan a kansa zai tsargu in ya ga F6000 a shiri, wanda bai riƙe ba zai danna koren maɓalli. Haka kuma ɓarɓashin ƙarfe da ya fito shuɗi yana ba da labarin zafi, wanda ya fito kamar gari yana nuna wuƙa gogawa take yi ba yanka ba. Duk waɗannan alamu suna gaban inji, ba a ofis ba.

Za a ce shirin injin zamani mai motsi ta fuskoki biyar yana kaiwa layi dubu ɗaruruwa, wa zai zauna ya karanta? Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi a yi hakan. Amma tsakiyar shirin, inda lambobin X da Y ke zuba, manhaja ba ta cika kuskure a wurin ba. Haɗarin yana taruwa a farkon shiri, da duk inda aka sauya wuƙa, da inda aka juya tebur, da ƙarshe. Layuka kaɗan ne, kuma su ake so a karanta. Za a kuma ce ai akwai Vericut da makamantanta, masu gwada ainihin lambobin G bayan tafinta ya gama. Wannan hujja ta fi ta farko ƙarfi, kuma duk masana'antar da ke da halin saye ta saya. Amma ita ma abin da aka gaya mata ta sani. Ba ta san cewa ma'aikacin dare ya sauya wuƙa bai sake auna tsawonta ba, ko ƙarfen da aka kawo ya fi na zane kauri da milimita biyu. Shi ya sa har a manyan masana'antu ake gwada sabon shiri layi-layi, an rage gudu, hannu na kan maɓallin tsayarwa, ido na kan tazarar da ta rage.

Dole a yarda cewa wasu matsalolin daga zane suke fitowa, kuma sukan yi tsada. Jirgin A380 na Airbus ya yi jinkiri a 2006, kuma cikin dalilan har da yadda injiniyoyin Jamus ke aiki da manhajar zane ta CATIA ta 4 yayin da na Faransa ke kan ta 5, har wayoyin lantarkin da aka tsara suka ƙi dacewa da jikin jirgin. A ƙaramin mataki, fayil ɗin IGES kan iso da fuskoki marasa haɗuwa, STL kuwa yana mayar da kowace da'ira ƙananan kusurwoyi, sai rami ya fito da gefe-gefe. Irin wannan a kwamfuta ake gyara shi, yawanci ta neman fayil ɗin STEP. To amma ta yaya za a san matsalar ta zane ce? Sai an fara wanke inji da lambobi daga zargi. Tsarin bincike da ya fi tsimin lokaci shi ne a faro daga wuƙa da sifiri, a hau zuwa lambobi, sannan tafinta, zane ya zo a ƙarshe. Ɗabi'ar da ake yayi yanzu ta juya wannan tsari ne a baibai.

Maganar ta fi shafar mu fiye da masana'antun Jamus ko Japan. Injinan da ke shigowa garuruwanmu, na sassaƙa ƙofofi da allunan talla da ƴan na ƙarfe, da yawansu na hannu ne ko kuma masu araha daga Sin, kuma ba kasafai suke zuwa da tafintan da aka gwada a kansu ba. Wasu masu aikin katako har yanzu manhajar ArtCAM suke riƙe da ita, wadda Autodesk ya daina fitarwa tun 2018, babu mai amsa kuka a kanta. Ga ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki, wadda ke sa ƙaramin inji ya manta inda yake, sai wanda ya rubuta sifirinsa a takarda kuma ya iya gano layin da aka tsaya ne zai ceci katakon. Injiniyan kamfani ba ya kusa, kayan gyara sai an yi oda da dala. Saboda haka ina kira ga malaman kwalejojin fasaha da masu gidajen aiki: kada a sakar wa yaro injin sai ya rubuta ƙaramin shiri da hannunsa, ya yanka murabba'i da da'ira, ya kuma bayyana ma'anar kowane layi da bakinsa. Bayan haka a ba shi manhaja, ya yi ta zane.