Kaset ɗin Mamman Sani: kiɗin ne gwani, ko hucin rakoda?

Mai karatu, in kana sauraron Muryar Sahel a shekarun baya, to ka sha jin wani kiɗi mai sanyi da ake sakawa tsakanin shiri da shiri. Ba kalangu ba ne, ba gurmi ba. Kiɗin Mamman Sani ne, wanda ya kaɗa da wani abin kiɗan lantarki ƙirar Italiya mai kama da fiyano.

A 1978 ya shiga gidan rediyon ƙasa a Yamai. Aka ɗauki kiɗinsa sau biyu, aka ɗora na biyu bisa na fari, sai mutum ɗaya ya zama kamar makaɗa biyu. Kaset kamar ɗari kaɗai aka buga. Daga nan aikin ya kwanta har 2013, sa'ad da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi. Yau ana saurarensa ƙasashe da yawa.

To, me suka ji a ciki? Da yawansu hucin kaset suke yabo, da ƴar rawar da sauti ke yi in zare ya tsufa. Can Turai har akwai masu farautar tsofaffin rakoda don su sami wannan dusashewa da gangan. Ba wasan yara ba ne, sana'a ce mai tarihi. Tun 1944 wani Bamisire, Halim El-Dabh, ya ɗauki waƙar mata masu bikin zar, wanda ya yi kama da borinmu, ya jujjuya sautin har ya zama wani abu sabo. A 1948 Pierre Schaeffer ya haɗa kiɗi da ƙarar jirgin ƙasa a Faransa.

Amma a ganina, wanda ya yabi Mamman Sani don huci ya yabi ƙwarya ya bar fura. Saurari "Salamatu" da kyau. Ba ya gaggawa. Amo kaɗan yake ɗauka, ya maimaita, ya ɗan karkata shi, ya komo. Kai mutumin Dakoro ba baƙon wannan tafiya ba ne, don daga waƙoƙin Fulani Bororo da na Buzaye ya ɗebo wasu karin nasa. Ka san yadda makiyaya ke jan murya ɗaya har ta cika daji. Ya koya wa inji wannan haƙuri, nan gwanintarsa take.

Aikin yana da aibu. Gangar da ke cikin injin bugu ɗaya ta sani, ba ta amsa kowa. Mai kalangu yana kallon ƙafar mai rawa ya sake hannu, inji kuwa ko oho. Shi ya sa wani wurin kiɗin kan yi nauyi. Huci kuma bai ƙare shi da kome ba. Halin kayan aikin zamanin ne: duk kwafin da aka yi daga kaset zuwa kaset, huci na ƙaruwa, murya na raguwa.

Bambancin ke nan. El-Dabh ya lanƙwasa sauti ne don yana da abin faɗi. Wanda ya ɓata sauti don kawai ya yi kama da na da, ya rina sabuwar riga da ƙasa ne don a ce tsohuwa ce.

Ban ce ka yar da tsohuwar rakodarka ba. Ka fita da ita. Ka ɗauki kukan guga a bakin rijiya, da luguden mata, da hayaniyar kara ranar kasuwa. In kana da rakoda biyu, kunna ɗaya ka rera bisanta, ɗayar tana ɗauka. Amma ka fara sanin abin da kake so kunne ya ji.

Sannan ka duba cikin adakar gidanku. Akwai kaset na saƙon ƴan ci-rani, da na biki, da muryoyin tsofaffin da suka riga mu. Zafi da ƙura suna cin zaren kullum. Na Mamman Sani ya yi shekara 35 kafin a tsamo shi. Naku ba wanda zai zo daga Amurka nemansa. Ka juye shi cikin waya tun murya tana fita.