Gida mai lamba 6: fuska ta tsira, ciki ya sauya

A dandalin Vosges na birnin Paris, gidaje 36 ne ke tsaye sahu-sahu, bango jingine da bango. Sarki Henri na Huɗu ya ba da umurnin gina su a 1605, aka buɗe dandalin a 1612, bisa sharaɗin kowane mai fili ya bi zane guda: jan bulo haɗe da farin dutse, rufi mai tsini, da rumfa mai bakan gizo a ƙasa inda masu wucewa ke fakewa. Kyan kowane gida yana rataye da na maƙwabcinsa. In ɗaya ya faɗi, sahun ya zama baki mai giɓi.

A gida mai lamba 6 ne Victor Hugo ya yi zaman haya daga 1832 zuwa 1848. A shekarar da ya tare ya wallafa maƙalarsa ta yaƙi da masu rushe tsoffin gine-gine, kuma tun 1903 gidan ya zama gidan tarihi mai sunansa.

Sai dai abin da maziyarci ke gani a ciki ba shi ne mazaunin Hugo na wancan zamani ba. An yi gwanjon kayan ɗakinsa a 1852, yana gudun hijira. Ɗakin da aka ƙawata da adon Sin daga tsibirin Guernesey aka kwaso shi, ɗakin kwanan kuwa kwaikwayon wanda ya rasu a cikinsa ne a 1885, a wata unguwa dabam. Tarihin rayuwarsa aka jera a ɗakunan, kuma wajibi ne malamin da ke karantar da Hugo ya bambance wa ɗalibansa wannan.

Haka lamarin yake a waje. Dokar Malraux ta 1962 ta ba da damar kare unguwa sukutum, kuma Marais, inda dandalin yake, ta shiga ƙarƙashinta a 1964. Dabarar ta dace da gidajen sahu, tunda ba a ceton ɗaya a bar saura. Amma gyara ya ɗaga kuɗin haya, masu sana'ar hannu da talakawa da yawa suka tashi.

Dokar ta cancanci yabo wajen ceton bango da rufi. Inda ta gaza shi ne mazauna, alhali Hugo kansa ɗan haya ne a wannan gida. Ƙungiyar da ke neman a kare wata tsohuwar unguwa ya kamata ta fara da tambayar wa zai ci gaba da kwana a cikinta bayan magina sun sauka.