Tsirkiya ta Biyar: Gwanintar Masu Ƙara wa Jitar Bes Zurfin Murya

A ƙungiyar makaɗan zamani, jitar bes ce ke riƙe da gindin kiɗa. Ita ce mai kakkaurar muryar nan da kan daki ƙirjin mutum tun kunnensa bai gama tantance ta ba. Tun 1951, lokacin da Leo Fender ya fito da Precision Bass a jihar Kalifoniya ta Amurka, an san ta da tsirkiya huɗu, waɗanda makaɗa ke kira E, A, D da G. Mafi kauri, wato E, tana karkarwa sau 41 a daƙiƙa, nan ne kuma iyakar zurfinta. To, akwai masu sana'ar da za ka kai musu irin wannan jita su mayar maka da ita mai tsirkiya biyar, ka rantse haka aka ƙero ta. Aikin waɗannan mutane abin a jinjina wa ne.

Tsirkiya ta biyar ta daɗe tana neman mazauni. A 1965 kamfanin Fender ya gwada ta, amma siririya ya ƙara daga sama, makaɗa kuma ba su karɓa ba. Sai a tsakiyar shekarun 1970 Anthony Jackson ya sa maƙeri Carl Thompson ya yi masa mai tsirkiya shida, cikinsu har da kakkaurar B, Jimmy Johnson kuma ya samu mai biyar daga kamfanin Alembic. Da shekarun 1980 suka kama, fiyanon lantarki ya cika ɗakunan ɗaukar waƙa, yana sauka ƙasa da inda E ke tsayawa, dole masu bes suka bi shi ko a bar su a baya. Music Man ya fitar da StingRay 5 a 1987, daga nan abin ya zama ruwan dare. Yau manyan makaɗa irin su Richard Bona na Kamaru da mai biyar aka fi sanin su.

Sabbin muryoyi biyar kacal wannan tsirkiya ke kawowa, daga ƙasan E zuwa B mai karkarwa sau 31 a daƙiƙa. Amma ga makaɗi ba ƙaramin abu ba ne. Idan mawaƙi ya sauke waƙa don ta dace da maƙogwaronsa, mai bes zai bi shi ƙasa ba tare da kiɗan ya rame ba, hannunsa na hagu kuma ya huta da zirga-zirga a kan wuyan jita. Sai dai wani ba shi da kuɗin sabuwar jita mai biyar, wani kuma hannunsa ya saba da tsohuwarsa shekara da shekaru, ba ya son rabuwa da ita. Irin waɗannan ne ke sallama a shagon mai gyara.

Gwani da ma'auni yake farawa, domin duk wahalar aikin tana cikin faɗin wuya. Kamar benci ne da aka yi don mutum huɗu, aka ce sai biyar sun zauna, kuma kada kowa ya faɗo. A jitocin Fender, gindin wuya bai fi milimita 64 ba. Tsirkiya huɗu masu tazarar milimita 19 a wajen jaki, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin jita, sun isa su cika shi. In za a sa biyar, tilas tazarar ta dawo wajen 15 ko 16, a kuma bar fili a kowane gefe don kada tsirkiyar ƙarshe ta zame daga kan katako in an danna ta. Ta wajen kai ma haka ne: tsohon samfurin Precision yana da faɗin milimita 44 da ɗoriya, Jazz Bass kuwa 38. Shi ya sa mai gyara kan yi murna da na farko, ya yi dogon nazari a kan na biyu. Yakan kuma duba yatsun mai jitar, ya tambaye shi yadda yake kaɗawa, don mai marin tsirkiya da babban yatsa ya fi kowa buƙatar fili.

Daga nan sai kan jita, inda kunnuwan murɗa tsirkiya suke. Ramuka huɗu ne a jere, ana neman na biyar. Wani lokaci akan samar masa wuri a ɗaya gefen, huɗu a sama ɗaya a ƙasa. In babu fili, sai a toshe tsofaffin ramukan duka da guntayen katako iri ɗaya da na kan, a daidaita zanen jikinsu da na katakon da ke kewaye, a sa gam, a goge da samfefa har sai yatsa ya kasa gano bakin. Sannan a huda sababbi. Ramuka biyu in sun matsu da juna katako zai tsage, kuma kowace tsirkiya tana son ta miƙe sak zuwa kunnenta ba tare da karkata ba. Gwani kan zaɓi kunnuwa marasa nauyi, don in kai ya yi nauyi jitar za ta riƙa rinjaya ƙasa, makaɗi ya koma tallafarta maimakon kaɗa ta.

Inda hannun gwani ya fi bayyana shi ne ɗan matashin ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a ƙarshen wuya. Dole a sassaƙa sabo. Wanda bai ƙware ba zai raba faɗin daidai wa daida daga tsakiyar wannan tsirkiya zuwa tsakiyar waccan, sai masu kauri su cunkushe, domin B ta haura milimita 3 a kauri, G kuwa kaɗan ta ɗara 1. Gwani filin da ke tsakanin gefen tsirkiya da gefen maƙwabciyarta yake daidaitawa, don shi yatsa ke ji. Kowane gurbi da magagarin da ya dace da kaurinsa. Zai goga sau biyu ko uku, ya hure garin ƙashin, ya mayar da tsirkiya, ya danna ta a gaɓa ta uku, ya sunkuya ya leƙa ko akwai ɗan sarari kamar silin gashi a kan ƙarfen gaɓa ta farko. In da saura, ya sake ɗagawa ya goga. Guga ɗaya in ta wuce kima, tsirkiyar za ta riƙa zizar ƙarfe, ƙashin ya tashi aiki, a koma farko.

Shi ma jaki sabo ake kafawa, mai mazauni biyar. Kafin a ɗaura ko kusa ɗaya, akan ja zare biyu a madadin tsirkiyoyin gefe, a matsa jakin hagu da dama har sai filin da ya rage a gefunan wuya ya zo ɗaya. Tsawon tsirkiya daga matashi zuwa jaki inci 34 ne, wato milimita 864, kuma ba ya karɓar kuskure. A ƙarƙashin jakin akwai wata siririyar waya da ke kashe gurnanin lantarki. Wanda ya manta ya haɗa ta da sabon ƙarfen, lasifika ce za ta tona masa asiri.

Saura na'urar ɗaukar sauti. A jitocin Fender kowace tsirkiya tana ratsa tsakanin ƙananan maganaɗisu biyu. Da an matse tazara, wata za ta faɗo daidai kansu ta yi ƙara, wata ta kauce ta yi sanyi. Maganin shi ne a sa irin na'urar da maganaɗisunta doguwar sanda ce daga gefe zuwa gefe. In ramin da ke jikin jita bai ɗauke ta ba, a faɗaɗa shi a hankali ba tare da an ɓalle fenti ba.

Akwai kuma nauyin da ido ba ya gani. Tsirkiya huɗu na jan wuya da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 70 zuwa 80, ta biyar ta ƙara wajen 15. Abin da ke hana wuyan lanƙwasa shi ne rodin ƙarfe da aka binne a cikinsa. Gwani zai murɗa shi rubu'in zagaye, ya ajiye jitar ta kwana, washegari ya sake aunawa, don katako ba ya son gaggawa, sannu kuma ba ta hana zuwa. Abin da yake nema ɗan lanƙwasa ne da bai fi kaurin katin gayyata ba a tsakiyar wuya. Makaɗan Jos, Kaduna ko Yamai sun san cewa wuyan da aka saita da damina yakan sauya hali in hunturu ya busar da katako, don haka mai gyara na ƙwarai kan ce a dawo masa da ita in yanayi ya juya. Daga ƙarshe ya gwada kowace tsirkiya a gaɓa ta 12, yana matsa mazauninta gaba ko baya har muryarta ta daidaita. B ce ta fi kowa ja da baya, kuma tun wajen kafa jaki ya tanadar mata wurin.

Babbar shaidar ƙwarewa kuwa ita ce sanin lokacin da za a ce a'a. In wuya ya cika siranta, ko rodinsa ya riga ya ƙure, ko jitar tsohuwa ce mai daraja wadda rami ɗaya zai karya mata farashi, gwani zai ajiye kayan huda. Yana iya ba da shawarar a cire G, a ɗaura B, E, A da D a gurabe huɗun nan, ko a sa ɗan makunnin da ke sauke E zuwa D cikin ƙiftawar ido. Kuɗin aikinsa zai ragu, amma ya tsare amanar kayan mutane. Mai hankalin da zai hana kansa huda irin wannan jita, shi ya kamata makaɗi ya damƙa wa tasa in lokacin hudawa ya yi.