Wa Ke Riƙe da Tiyar Awon Ɗalibai? Sharhi a Kan Littafin Diane Ravitch

Duk lokacin da sakamakon jarrabawa ya fito, wayar gidan rediyonmu ba ta hutawa. Wannan uba ya ce malamai ne ba su koyarwa, waccan uwa ta ce tambayoyin ne suka fi ƙarfin yara. Abin da ban cika ji ba shi ne wani ya tambayi wanda ya tsara jarrabawar, da wanda ya ba shi izini, da inda takardun ɗansa ke kwana bayan an gama. Waɗannan tambayoyi ne suka dawo mini sa'ad da na karanta littafin Diane Ravitch, The Death and Life of the Great American School System, wanda ya fito a 2010. Maganar makarantun Amurka yake yi, kuma a can zan tsaya da shi.

Ƙarfin littafin na farko shi ne mai shi. Ravitch masaniyar tarihin ilimi ce, ta riƙe muƙamin mataimakiyar sakataren ilimi a gwamnatin Bush uba daga 1991 zuwa 1993. Tana cikin waɗanda suka yi wa dokar No Child Left Behind tafi lokacin da Bush ɗa ya sa mata hannu a 2002. Dokar ta wajabta a gwada kowane yaro a karatu da lissafi duk shekara daga aji uku zuwa aji takwas, ta kuma ce kafin 2014 ya wuce kowa ya kai matakin ƙwarewa. Makarantar da ta kasa, ana iya sauya ma'aikatanta ko a miƙa ta ga wasu. Ravitch ta dawo ta ce ta yi kuskure. Ba kowane masani ke iya lashe amansa a bainar jama'a ba, kuma wannan ne ya sa mai karatu ke sakin jiki da ita tun daga babin farko.

Hujjarta a sarari take. Idan aka ɗaura abincin malami a jikin maki, makin zai hau ko ilimi bai hau ba. Wasu jihohi suka sassauta ma'auninsu don adadin masu ci ya yi kyau a takarda. Aka rage lokacin tarihi da zane da kimiyya, tunda ba su cikin abin da ake awo. Shekara guda bayan fitowar littafin, binciken jihar Jojiya ya gano malamai da shugabannin makarantu 178 a birnin Atlanta da hannu a gyaran amsoshin yara. A 2015 kotu ta sami goma sha ɗaya da laifi. Gani ya kori ji.

Amma a ganina zuciyar littafin tana wurin da ta tambayi mai iko. Ta ba da labarin New York, inda a 2002 aka miƙa makarantu ga magajin gari Michael Bloomberg. A 2004, da wasu mambobin kwamitin ilimi suka nuna ba za su goyi bayan tsarinsa na maimaita aji ba, sai aka cire uku daga cikinsu kafin ƙuri'a. Ta kuma ware babi ga gidauniyoyin attajirai, ta Gates da ta Walton da ta Broad, masu zuba kuɗi har manufar ilimi ta karkata inda suke so. Maganarta ita ce, ɗan siyasa idan ya ɓata, ana kayar da shi a akwati. Mai gidauniya kuwa babu akwatin da ke jiransa.

Abin da ya biyo baya ya gaskata ta fiye da yadda ita kanta ta rubuta. Littafin bai ce komai mai yawa ba game da bayanan sirrin ɗalibai, don lokacin rigimar ba ta kunno kai ba. A farkon 2013 aka ƙaddamar da inBloom, wani rumbun intanet da gidauniyoyin Gates da Carnegie suka kashe wa dala miliyan 100. An shirya shi ya tara sunan yaro da adireshinsa, makinsa, fashinsa, horon da aka taɓa yi masa, har da naƙasarsa idan yana da ita, sannan hukumomin makarantu su iya buɗe wa kamfanonin manhaja ƙofa. A wancan lokacin, kamfanin da ya gina shi mallakar News Corp ne na Rupert Murdoch. Jihohi tara suka nuna sha'awa, kuma ba a nemi yardar iyaye ba. Da labari ya fasu, iyaye irin su Leonie Haimson ta New York suka tashi tsaye, jihohi suka riƙa zamewa, majalisar New York ta yi dokar hani, a watan Afrilun 2014 inBloom ya sanar da rufewa. Ba satar bayanai ce ta kashe shi ba. Rashin tambayar masu ƴaƴa ne.

To sai dai ina da ja da Ravitch a wuri guda. Ta yi wa makarantar unguwa da zaɓaɓɓen kwamitinta kallon da ya fi kusa da kewa. Kafin 2002 ma akwai kwamitocin, kuma a ƙarƙashinsu ne aka daɗe ana ɓoye faɗuwar ƴaƴan baƙar fata da na talakawa a cikin jimillar maki. Dokar da take suka ita ce ta tilasta a fitar da sakamako rukuni-rukuni, kowa ya ga wanda aka bari a baya. Shi ya sa a 2015, shekarar da kusan kashi 20 cikin ɗari na ɗaliban jihar New York suka ƙaurace wa jarrabawa, wasu manyan ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙar fata suka tsaya a kan a ci gaba da gwajin shekara-shekara. Uwar da ba ta da kuɗin malamin gida, takardar makin nan ce kaɗai shaidarta idan ta je ƙorafi. Littafin bai ba wannan uwa isasshen wuri ba.

A kasuwar hatsi, idan tiya ta lotse, ba a daina awo. Sarkin kasuwa ake kira, a kawo wata a gaban kowa. Abin da na ɗauka daga littafin ke nan, har da inda ya gaza: a yi ma'auni, a yi gwaji, a adana bayanai, amma mai riƙe da su ya zama wanda iyaye suka san sunansa, suke iya yi masa tambaya, suke kuma iya sauke shi. Wanda zai karanta Ravitch ya karanta ta da wannan a zuciya, ya kuma sa alama a babin attajirai. Nan ne alƙalaminta ya fi kaifi.