Fito Kafin Lantarki: Nazari a Kan Horon Karen Farauta

Masu kiwon karnukan Turai don gadi sun yawaita a Lafiya da sauran biranenmu. Wasu a cikinsu na cewa maharbin gargajiya bai san horon kare ba, duka da yunwa kawai ya iya. Abin da suke tinƙaho da shi shi ne abin wuyan nan mai lantarki da ake latsawa daga nesa. Duk wanda ya taɓa bin mafarauta daji da rani ya san wannan zance ba shi da tushe.

Farauta da kare ta girmi Jihar Nasarawa da aka ƙirƙira a 1996, ta girmi ma Lafiyar Barebari kanta. Tun kaka da kakanni, da an kawar da amfanin gona ake fita da karnuka neman zomo da gafiya da gyazbi da gada. Shi kuwa abin wuyan a Amurka aka fara amfani da shi, wajen shekarun 1960, kuma maharba aka yi wa shi, don su tsawata wa karen da ya yi nisa. Yau yana zuwa da ƙara, da girgiza, da jan lantarki mai matakai.

Ginshiƙin horon mafarauci shi ne kira. Tun kwikwiyo na ƙarami ubangidansa ke ba shi abinci da hannunsa, kuma ba ya ajiye kwano sai ya yi fito iri ɗaya, ya kira suna iri ɗaya. Ba ya sauya murya, ba ya kiran banza. A haka fito da alheri ke zama abu guda a kan kare. Idan ya tasa, sai a haɗa shi da tsohon kare a shiga daji. Tsohon ya bi sawu, ƙaramin ya bi. Aka yi fito tsohon ya juyo, shi ma ya juyo. Ranar da aka kashe nama, a nan take ake ba shi kasonsa na kayan ciki, daga hannun ubangida, bayan ya saki abin da ya kama. A nan hikimar take: kare ya gane cewa sakin nama da amsa kira ba asara ba ne, hanyar samu ce. Don haka gwanin maharbi ba ya kiran karensa ya dake shi, ya san gobe ba zai zo ba.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da fayyace wannan. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, kuma alamar horarre ita ce a tura shi ya tafi, a tsawata masa ya tsaya. Tafiya kowane kare ya iya. Tsayawa yana tsakiyar kora ita ce shaidar horo.

Ƙwararrun masu amfani da abin wuyan ma sharaɗinsu ke nan. Ba a latsa wa kare lantarki a kan umarnin da bai sani ba. Sai ya koyi kira da doguwar igiya da lada tukuna. Sannan a ɗaura masa abin a kashe na kwanaki, don kada ya gane cewa ladabi sai da shi a wuya. Bayan haka a fara daga mataki mafi ƙanƙanta, a tsaya inda kunnensa ya ɗan motsa; idan ya yi kuka, an wuce gona da iri. A latsa tare da kira, a saki da zarar ya juyo, a yaba masa. Ashe na'urar ba ta koyarwa, tunatarwa kawai take yi. Wanda ya sayo ta yau ya murɗa ta ƙarshe a kan karen da bai san fitonsa ba ya manta cewa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abin da zai samu shi ne kare matsoraci ko mai cizo.

Turawan da ake kafa hujja da su ma ba su haɗu a kan na'urar ba. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta ta tun 2010, Jamus ma ta hana. Binciken Jami'ar Lincoln ta Ingila na 2020 ya nuna cewa horo da lada bai gaza na lantarki ba wajen amsa kira, har ma ya fi shi.

Akwai mafarautan da ke azabtar da karnukansu, wannan laifinsu ne, al'adar ba ta koyar da haka ba. Kirana ga matasanmu na Lafiya da Doma da Awe shi ne, kafin ku kashe kuɗi a kan na'ura, ku nemi dattawan mafarauta ku koyi yadda ake gina kira. Karen da ba ya amsa fiton ubangidansa ba horarre ba ne, ko me aka rataya masa a wuya.